Celeron, Pentium, i3 ko AMD? Tambayoyin da ake yawan yi min kan tsofaffin laftof masu araha

Ni dai shagon caji da turi da ɗan taifin gare ni a wani gari tsakanin Ringim da Taura, kuma tun da aka gane ina ɗan taɓa kwamfuta, duk wanda zai sayi laftof ta hannu sai ya biyo ta shago ko ya turo min hoton sitika ta WhatsApp wai in duba masa. Malaman firamare ne, ɗalibai ne 'yan Gumel da Kazaure da Dutse, har da limaminmu da yake son wadda zai zuba littattafai. Tambayoyin kusan guda ne kullum, bakina ya gaji, shi ya sa na tara su a nan. Ban sa farashi ba don kuɗin yau ba shi ne na jibi ba.

Wai mene ne furosesan ma tukuna, kuma me ya sa ake ta maganarsa?

Wani ɗan guntun abu ne a kan madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke haɗe a kansa, bai fi faɗin akwatin ashana ba, shi ne mai yin lissafin duk abin da ka danna. Ka buɗe Word shi ne, ka kunna bidiyo shi ne. Kamfani biyu ne suke yin na irin laftof ɗin da ke zuwa mana, Intel da AMD. HP da Dell da Lenovo haɗa jiki suke yi su sayo furosesa su saka, don haka in mutum ya ce min "HP ce fa" bai gaya min komai ba tukuna.

Abin da ya sa ake damuwa da shi, ram (inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin) ana ƙarawa, haddis (ma'ajiyar fayiloli) ana canzawa, batir ana sayen wani, amma furosesa a yawancin laftof da shi za ka zauna har ta mutu. Akwai tambaya a ƙasa kan waɗanda ake iya cirewa.

Oga, mai shago ya ce min Core i3 ce. Ai shi kenan ko?

A'a, da sauran magana. i3 sunan gida ne kawai, kamar a ce maka mutum ɗan gidan sarki ne, to kakan ne ko jikan? Tun 2010 ake yin i3, kuma kusan duk shekara sai an fito da sabon janareshan. Lambar da ke bayan sunan ita za ka karanta. In lamba uku ce, kamar i3-370M, na farko ne, na 2010. In huɗu ce, to a tsofaffin nan ta farkon ita ce janareshan ɗin: i3-2310M na biyu ne, 2011, i3-3110M na uku, 2012, i3-4005U na huɗu, 2013, i3-5005U na biyar, 2015, i3-6006U na shida. Haka ake karanta i5 da i7 ma.

Duk i3 ɗin laftof na waɗannan shekarun koa biyu gare su, wato ma'aikata biyu a ciki, kowanne yana iya riƙe aiki biyu a lokaci guda. i5 na lokacin shi ma koa biyu ne, abin da ya fi i3 da shi shi ne in aiki ya yi nauyi yana ƙara gudu da kansa, misali i5-3320M yana tashi daga 2.6GHz zuwa 3.3GHz. Kuma wani abu da masu sayarwa ba sa so a sani, i7 da yawa na da can, irin i7-2620M, su ma koa biyu ne, tazararsu da i5 ɗin shekararsu kaɗan ce amma kuɗin da ake ɗorawa saboda sunan ba kaɗan ba ne.

Haruffan nan fa, M da U da N, me suke nufi?

M na tsofaffin nan ne masu kauri, furosesan yana cin wajen wat 35, yana da ƙarfi amma yana zafi yana shan batir. U na marasa kauri ne, wat 15 daga janareshan na huɗu, an rage masa gudu don batir ya jima. QM koa huɗu ne, yawanci mai wat 45, wannan ba na mai sola ba ne. N kuwa a gaban lamba yake zuwa, kamar N3060 ko N4020, wat 6 zuwa 7.5, kuma shi wani dangi ne daban gaba ɗaya, duba tambayar da ke biye.

Na ji ana cewa Celeron ba ta da kyau. Duk Celeron ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Intel ta fara Celeron a 1998 a matsayin mai araha, ta ci gaba da liƙa sunan a kan abubuwa iri biyu da ba su haɗa uwa ba. Iri na farko ƙannen Core i3 ne, ginin ɗaya ne sai dai an rage musu wasu abubuwa: Celeron B820, 1005M, 1007U, 2957U, 3205U, da Pentium B960, 2020M, 3558U. Iri na biyu su ne masu N, waɗanda asalinsu daga Atom ne, furosesan da aka ƙera a 2008 don ƙananan netbuk, ba don ƙarfi ba sai don kada su ci wuta.

Shi ya sa za ka ga Pentium 2020M na 2012 ya yi wa Celeron N3060 na 2016 fintinkau, duk da ya girme shi da fiye da shekara uku. Mutum ya ga ta 2016 siririya mai sheƙi ya ɗauka ci gaba ya samu, ya zo gida ya buɗe Chrome ya tsaya yana kallon abu yana juyawa. Don haka in an ce Celeron, tambayi lambar. Daga 2023 ma Intel ta daina sa sunan Celeron da Pentium a sababbin laftof, sai dai ka ga N100 da ire-irensa, kuma N100 ɗin ya fi duk waɗannan masu N na baya nesa ba kusa ba.

Wannan an rubuta 2.58GHz, waccan 1.7GHz. Ba mai lamba babba ce ta fi ba?

Ka ɗauka mutum biyu ne suke awon gero a kasuwar Gujungu, ɗaya da gwangwanin madara ɗaya da kwano. Mai gwangwani hannunsa ya fi sauri, yana ɗiba sau uku kafin mai kwano ya ɗiba sau biyu, to wa zai riga cika buhu? GHz saurin hannu ne kawai, bai gaya maka girman abin ɗiba ba. Celeron N2840 yana kaiwa 2.58, i3-4005U yana tsaye a 1.7, amma i3 ɗin ya ninka shi aiki. Ba a gwada GHz sai tsakanin 'yan gida ɗaya kuma 'yan shekara ɗaya, kamar i3-2310M mai 2.1 da i3-2350M mai 2.3, nan kam na biyun ya ɗan fi.

Kuma a lura, masu N lamba biyu gare su. N3350 asalin gudunsa 1.1 ne, 2.4 ɗin da ake rubutawa a talla na ɗan tsalle ne, in ya ɗau zafi yana iya sauka.

To a cikin masu N ɗin wanne ya fi? N2840, N3060, N3350, N4000, N4020?

N2840 na 2014 ne, N3050 na 2015, N3060 na 2016, kuma ukun nan ka ɗauke su abu guda, abin dariya ma N3050 bai fi N2840 da ya gada gudu ba, wuta kawai ya rage ci. Su ukun a yau Word da kallon bidiyon da ke cikin kwamfuta ne iyakarsu, intanet kuma sai da haƙuri, shafi ɗaya ko biyu. N3350 na ƙarshen 2016 ya ɗan ɗaga, ana jin bambanci. N4000 na ƙarshen 2017 da N4020 na 2019 su ne inda abin ya fara zama na mutunci, ƙarfinsu ya kai na i3 janareshan na biyu, N4020 ma yana taɓa na uku, alhali wat 6 suke ci a inda wancan ke cin 35.

Akwai kuma wani wuri da N3350 da N4000 da N4020 suka fi tsofaffin i3 ɗin: suna da wani ɓangare na musamman da ke buɗe sababbin nau'in bidiyo, HEVC da VP9, irin wanda YouTube da fina-finan da aka matse suke zuwa da shi. i3 na biyu da na uku ba su da shi, da ƙarfin tsiya suke buɗewa, fanka na ihu. Ni in dole sai mai N, ba na sauka ƙasa da N4000.

Pentium N fa, an ce min koa huɗu ne, ai ya fi i3 mai biyu?

Yara huɗu da manya biyu ne a gona. N3540 da N3710 koa huɗu ne da gaske, amma kowanne koa irin na N2840 da N3060 ne, kuma yawancin abin da muke yi, buɗe shafi ko buɗe fayil, ƙarfin koa ɗaya ya fi nema. Sun fi Celeron ɗin shekararsu, wannan babu musu, amma i3 na huɗu ko na biyar ya fi su daɗin aiki. N4200 ya fi su, sai Pentium Silver N5000 da N5030 waɗanda gaskiya ba laifi, ana samunsu a ƙananan laftof ɗin 'yan makaranta na Turai da Amurka irin Dell Latitude 3190, masu jiki mai jure faɗuwa. In ka samu irin wannan da ram gig 8 da SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ke maye gurbin haddis, ga wanda ba shi da wuta, ban ga abin ƙi ba.

Yaya, kuɗina ɗaya ne: siririya mai Celeron ko tsohuwar EliteBook mai i5. Wacce zan ɗauka?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi min, kuma mutum takwas cikin goma da ke zuwa shagona tsohuwar nake ce musu. Irin su EliteBook 8470p, Latitude E6430, ThinkPad T430 janareshan na uku ne, EliteBook 840 G1 da Latitude E7440 na huɗu. An yi su ne don ma'aikatan ofis, jikinsu da ƙwari, ram ɗinsu rami biyu ne ana ƙarawa, haddis ana cirewa a sa SSD, kibod da caja da batir kuma duk mai gyara a Kano yana da su, ko a Beirut Road ko a Farm Centre. i5-3320M har yau yana yin aikin ofis ba tare da ya ba ka haushi ba.

Siririyar kuwa matsalarta ba furosesa kaɗai ba ne. Da yawansu, irin HP Stream da aka fara a 2014, ram ɗin 2 ko 4 ne a manne da madabod, ma'ajiyar kuma eMMC ce mai gig 32, ita ma a manne, Windows kaɗai ya kusa cinye ta. Ranar da ta cika babu abin da za ka yi sai dai memori ko filas. Ba duka ba ne, akwai HP 250 da Lenovo masu Celeron da ake buɗewa a ƙara, shi ya sa a tambaya kafin a biya.

Sauran mutum biyun su ne waɗanda amsarsu ke cikin tambayar wuta.

Garinmu sai a yi sati babu wuta, da ɗan sola nake. Me ya dace da ni?

Nan lissafi yana juyawa. Mu ce kana da batir 12V 100Ah, a rubuce wat-awa 1200 ne, amma batirin ruwa ko na jel bai kamata ka sha fiye da rabinsa ba in kana so ya yi kwana, saura 600, inbata ma ta ci nata. Laftof mai M in tana aiki tana kuma caji za ta iya jan wat 50 ko fiye, cajarta ma 65 ce ko 90. Mai N cajarta 45 ce kuma ba ta shan ko rabi in batir ya cika. Ga kuma fanka da ƙwan fitila da wayoyin gida duk a kan batir ɗin nan guda. Sannan tsohuwar mai M da wuya ka samu batirinta yana wuce awa biyu, shekara goma ba wasa ba, mai N kuwa in batir na da lafiya sai ta yi maka yinin aiki, kana iya kawo ta shagon caji da safe ka karɓa ka yi amfani har dare.

Tsaka-tsaki shi ne U. i3-5005U, i3-6006U, i5-4300U, i5-5300U, i5-6300U, duk wat 15 ne, ƙarfi na nan kuma ba sa zuƙe batir kamar masu M. In aljihu ya kai, nan nake tura malaman makaranta. A tuna wat ɗin da ake rubuta wa furosesa ba shi ne na kwamfutar gaba ɗaya ba, sikirin ma yana ci, rage haskensa kawai yana ƙara maka lokaci.

AMD fa? Na ga wata an rubuta E1, wata A4, wata A6.

E-350 da C-60 na 2011 ne, E1-1200, E1-2100, E1-2500 da E1-6010 suka biyo baya har 2014. Su ne kishiyoyin Atom, gudunsu daga 1.0 zuwa 1.6, kuma E1-2100 mai 1.0 ɗin nan yana cikin mafi rauni da za ka gani a kasuwa. Abin da ke yaudarar mutane, ana saka su a babbar laftof mai inci 15.6 da kibod mai lambobi a gefe, ga jar sitikar Radeon, sai a ɗauka babbar kwamfuta ce. Babbar riga ce a jikin yaro. Ko kyauta-kyauta aka sa mata kuɗi, ka ƙara ka sayi wata.

A4-5000, A6-6310 da E2-7110 koa huɗu ne ƙanana, ajin su Pentium N3540. A4-9120, A6-9220 da A9-9420 na wajen 2017 koa biyu ne, A9 ɗin sunansa kamar wani babba amma bai wuce ajin i3 na lokacin ba, sau da yawa ma bai kai ba. AMD ta gyaru ne da Ryzen, don haka in ka ga Ryzen 3 2200U na 2018 ko Athlon Silver 3050U na 2020 wannan zance ne daban, ana saye.

Wani zai sayar min da ƙaramar mini mai Atom, wani kuma Core 2 Duo. Akwai amfani?

Atom N270, N450, N455, N2600, ram ɗinsu ba ya wuce gig 2, intanet ɗin yau ta fi ƙarfinsu. Wayar da ke aljihunka ta fi su. Yaro ya koyi kibod da linzami, iyakarta kenan.

Core 2 Duo daga 2006 ya fara, irin P8600 mai 2.4 har yanzu yana gaban N2840 da N3060 a ƙarfi, abin kunya gare su. Amma kwamfutar ta haura shekara goma sha biyar, wasu DDR2 suke amfani da shi wanda samunsa ya zama aiki, batir ya mutu, hinjis ya saki. In tana gida ka sa mata SSD ka yi taifin, amma kada ka fitar da kuɗi ka saya.

Ta yaya zan tabbatar abin da aka gaya min shi ne a ciki?

Sitika ba shaida ba ce, ana sayar da ita daban a liƙa. Ni kaina farkon shigata harkar nan na taɓa sayen wata a birni mai sitikar i5, na biya na hau mota ina murna, sai da na iso gida na ga Celeron B820 ce, na koma washegari mutumin ya ce ai bai taɓa ganina ba. Tun daga ranar ba na biya sai na kunna. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka danna CPU, cikakken suna da lamba suna sama ta dama, adadin koa na ƙasa. A nan za ka ga ram, a Windows 10 na baya-bayan nan da 11 har yana nuna maka ko SSD ce ko haddis.

Sai dai sunan da Windows ke nunawa ma masu wayo suna iya canza shi, don haka in ranka bai kwanta ba ka kashe ka kunna ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ana danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ko ka tafi da CPU-Z, wata ƙaramar manhaja mai nuna abin da ke cikin kwamfuta, a filas ɗinka. Batir kuma ka buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ba ka abin da batir ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Mai kayan kirki ba ya hana ka dubawa. Ka kuma nemi a rubuta maka garanti a rasit ko na sati ɗaya ne, don daga nan zuwa Kano kuɗin mota ma abin lissafi ne.

Tawa i3 ce amma nauyi kamar amalanke a cikin yashi. Furosesan ne?

Galibi ba shi ba ne. Buɗe Task Manager kamar yadda na faɗa a sama ka duba. In Disk ne ke tsaye a 100%, haddis ne, ka sa SSD ko mai gig 128 ce, wallahi za ka rantse wata kwamfutar aka canza maka, wadda ke minti uku kafin ta tashi sai ta dawo ƙasa da rabin minti. In Memory ne ya cika, ram ne, gig 4 ya yi kaɗan yanzu, a kai shi 8. A kula wajen saye, janareshan na biyu da na uku DDR3 suke ci, na huɗu da na biyar sai DDR3L mai 1.35V, in ka sa musu na 1.5V da yawa ba za su tashi ba. Daga na shida yawanci DDR4 ne, N4000 ma haka.

In kuwa CPU ne ke manne a 100% daga buɗe shafi biyu, kuma E1 ce ko N2840, SSD za ta taimaka wajen tashi da buɗe fayil amma ba za ta gyara intanet ba. Kafin ka yanke hukunci ka cire tarkacen da masu saka Windows ke zubawa, anti-bairos biyu a kwamfuta ɗaya kaɗai ya isa ya durƙusar da ita.

Ana iya cire furosesan a sa babba?

Masu U da masu N da su E1 a'a, narke su aka yi a jikin madabod. Masu M na janareshan na biyu da na uku da yawansu a soket suke, ana kwance sukuru a ɗaga, don haka ana iya cire i3-2310M a sa i5-2520M. Amma akwai tarko: wasu laftof masu Celeron B ko Pentium B da 2020M suna da cifset HM70, wani ɗan cif ne a madabod da ke aiki tare da furosesa, in ka sa masa i3 ko i5 zai tashi lafiya lau, bayan minti talatin cif ya kashe kansa, kullum haka. Sai mai HM65 ko HM76 da makamantansu. CPU-Z yana nuna cifset ɗin. Kuma kada a sa QM mai wat 45 a inda aka yi wa fankar 35.

Malam, furojet zan rubuta da ɗan Zoom. Ƙanina kuma turi zai fara. Iri ɗaya za mu saya?

Ke da za ki yi Word da Excel da PDF da Zoom, N4020 ko kowane i3 daga na uku zuwa sama ya ishe ki in da SSD da ram 8, ki fi ba batir da kibod da kyamara muhimmanci. In sashenku ana SPSS duk za su yi, in AutoCAD ne ko Corel da Photoshop to i5, kada ki sauka ƙasa da na huɗu in da hali. Maktaba Shamila da manhajar koyon CBT ta JAMB ba su da nauyi, limaminmu da N3350 yake ta bincikensa.

Mai turi kuwa furosesa ba shi ne kan gaba ba, kwafa daga kwamfuta zuwa waya ba ta cin ƙarfi, wayar ce ma da kebul ke jan lokaci. Abin da yake buƙata babban haddis, ramukan USB da yawa masu lafiya, da USB 3.0, mai shuɗin ciki ko mai alamar SS, wanda ya zama ruwan dare daga janareshan na uku, don kwaso kaya daga haddis na waje da USB 2.0 yini ne. In zai riƙa matse bidiyo don ƙananan wayoyi, nan ne i5 mai M zai nuna kansa, mai N sai ya kwana yana abu ɗaya. Masu tambayar ƙwallo kuma, tsohon PES na 2013 yana tafiya a i3 ko i5 na uku in an rage masa kyau, sababbin kuwa a manta.

Windows 11 za ta hau?

A ƙa'idar Microsoft sai Core janareshan na takwas zuwa sama, da ram 4, ma'ajiya gig 64, da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfutar. Abin mamaki N4000 da N4020 suna cikin jerin da aka amince, i5 na shida da ya fi su ƙarfi ba ya ciki, N3350 ma ba ya ciki. Masu gyara suna da hanyar tsallake shingen su saka, tana kuma aiki, sai dai babu alkawarin sabuntawa, kuma sabon Windows 11 ba ya tashi sam a Core 2 Duo. Windows 10 an daina tallafa masa ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 7 tun Janairun 2020. Ba wai za su daina kunnuwa ba ne, toshe ɓarakar tsaro ne aka daina, don haka wanda ke shiga banki da kwamfutar ya yi hattara, mai taifin da firinta kawai babu ruwansa.

Ga masu rauni irin N2840 da E1, Linux Mint Xfce ko Lubuntu, waɗanda ake sakawa a madadin Windows, sun fi shi sauƙi a kansu, kyauta ne kuma. Matsalar, Corel ba ya hawa, kuma in ta rikice a ƙauye ba kowa zai duba maka ba. Chromebook ma da ake kawowa da arha yawanci Celeron N ne a ciki, ba Windows ba ce, kusan komai nata sai da data, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa kada a saya da sunan laftof.

Tawa tana zafi tana mutuwa da rana, musamman a bazara. Lalacewa ta yi?

Furosesan Intel in ya doshi digiri 100 yana rage gudu da kansa, in abin ya ƙi sai ya kashe kwamfutar don kada ya ƙone. Mu kuma a Afrilu da Mayu zafin gari kansa yana haura 40, ga ɗakin kwano, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ragar da iska ke fita. Masu M su suka fi shan wannan wahalar. A buɗe a share fanka da raga, a goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya a sa sabo, sau ɗaya a shekara bayan hunturu ya wuce. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, ramukan shan iskar a ƙasa suke, ni murfin lemo huɗu nake sa wa tawa a kan tebur.

Masu N da yawa ba su da fanka ma sam, don haka ƙura ba ta dame su ba, shiru kake ji, sai dai in sun ɗumama su ƙara nauyi a kan wanda suke da shi. In an share an sa mai kuma tana ci gaba da mutuwa, a gwada wata caja kafin a zargi madabod, cajar bogi da wutar ƙaramin janareto mai hawa da sauka sun kashe kwamfutoci a garin nan fiye da zafi.